Na'urar hannu ko ta turawa: wa zai duba maganin da ake bai wa majinyacinmu?

Masu karatu, musamman ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, akwai wata muhawara da shugabannin manyan asibitocin Amurka da Turai suka daɗe suna tafkawa, wadda in aka kawo ta rumfunan kasuwar Dogon Dutsi ko ta Kiyeshe wasu za su ce rigimar masu ƙoshi ce. Muhawarar ita ce: ma'aikaciyar jinya da za ta bai wa maras lafiya magani a bakin gadonsa, wace irin na'ura ya kamata a saya mata domin ta tabbatar ba ta yi kuskure ba? Ƴar ƙarama mai kamar wayar salula da za ta saka aljihu, ko kuwa kwamfuta sukutum bisa keken turawa mai aljihunan ajiye magani? Mu dai muna ganin bai kamata mu yi wa maganar dariya ba. Na farko, kayan da ake gardama a kansu can yau, su ne wani shiri ko wata ƙungiya za su sauke mana gobe, kuma in an zo biyan kuɗin gyara daga aljihun talaka za a cire. Na biyu, tambayar da ke ƙarƙashin muhawarar ta fi damunmu bisa yadda ta dame su: ƙwayar nan da ake shirin haɗiyewa, ta gaskiya ce, kuma ta wannan mutumin ce?

Bari mu fara da bayanin na'urar kanta. Duk wanda ya ɗauki gwangwanin madara ko kwalin sabulu ya juya bayansa zai ga wasu baƙaƙen layuka a jere, wasu sirara wasu masu kauri, da lambobi a ƙarƙashinsu. Alhazanmu da suka shiga manyan kantunan Makka ko Dubai, ko ma na Yamai da Kano, sun ga yadda mai karɓar kuɗi ke haska wa layukan nan jar wuta, nan take sunan kaya da kuɗinsa su fito. To, wannan dabarar ce aka kai asibiti. A farkon shekarun 1990 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sue Kinnick, da ke aiki a asibitin tsoffin sojoji na garin Topeka a Amurka, ta ga yadda kamfanin hayar motoci ke karanta irin wannan lamba in an maido masa mota, sai ta ce me zai hana a yi wa magani haka. Aka gwada a asibitinsu, kuma zuwa shekarar 2000 an baza tsarin a asibitocin tsoffin sojojin ƙasar. A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta wajabta wa kamfanoni buga lambar bisa magungunan da ake kai wa asibitoci.

Yadda abin ke aiki ba wuya. Ranar da aka kwantar da mutum, sai a ɗaura masa wani zobe na roba a wuyan hannu mai ɗauke da lambarsa. Likita ya rubuta magani cikin kwamfuta. In lokacin sha ya yi, ma'aikaciya ta haska zoben, ta haska maganin. In mutumin ne, maganin ne, adadin ne, sa'ar ce, kuma ta hanyar da aka ce a ba shi ce, wato sha ko allura, na'ura ta yi shiru. In ɗaya ya saɓa sai ta yi ƙara. Wani bincike da aka yi a asibitin Brigham na birnin Boston, aka buga shi a 2010, ya bi diddigin ba da magani sau fiye da 14,000. A ɗakunan da ba na'ura an sami kuskure kashi 11.5 cikin 100, a ɗakunan da ke da ita kashi 6.8. Ku lura da kyau, wannan a ƙasar da likitoci da kayan aiki suka wadata ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kurakuran ba da magani na ci wa duniya dala biliyan 42 ta Amurka kowace shekara.

Saura gardamar keke da aljihu. Wannan ba sai an yi wa ƴar kasuwa dogon bayani ba, domin bambancin mai tebur ne da mai talla. Mai tebur kayanta sun fi yawa, komai a shimfiɗe ana gani, amma sai mai saye ya zo gare ta. Mai talla kayanta kaɗan ne, amma tana shiga har tsakar gida. Keken turawa na da babban allo wanda ma'aikaciya za ta ga tarihin majinyaci gaba ɗaya, yana da aljihunan da ke kulluwa, yana da babban batir, kuma ba mai saka shi aljihu ya fice. Sai dai yana da nauyi, yana son daɓe mai santsi da ƙofa mai faɗi, kuma in ɗaki ya cika ba ya isa bakin gado. Ta hannu kuwa ba inda ba ta shiga, amma allonta ƙarami ne, batirinta na saurin mutuwa, tana faɗuwa ta fashe, kuma tana yin ƙafa.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne wani bincike na 2008 da Ross Koppel da abokan aikinsa suka yi a wasu asibitocin Amurka. Sun gano hanyoyi 15 da ma'aikata ke bi suna zagaye na'urar. Akwai masu buga kwafin lambar majinyata su liƙa a jikin keken ko a ƙyauren ɗaki, su haska daga waje ba tare da sun je kusa da maras lafiyar ba, don kawai keken ya ƙi shiga ko aiki ya yi yawa. Kwamfuta ta rubuta cewa an duba, alhali ba a duba kowa ba. Wato ko a Amurka, in kayan aiki bai dace da wurin aiki ba, mutane dabara suke yi masa. Mun san haka a kasuwa: sikelin da ya yi nauyin ɗauka, a shago ake barinsa a koma ga tiya.

Yanzu mu dawo gida. Mu ɗauki ɗakin yara na kowace likita a ƙasar Arewa tsakanin watan Agusta da Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ke kan ganiyarta. Gado ɗaya yara biyu, wasu bisa tabarma, uwaye da kakanni zaune a tsakani da kwanonin fura da butoci. Ina keken zai bi? Daga ɗaki zuwa ɗaki kuma sau da yawa rairayi ne. Sannan a cikin ɗakin nan ba abin mamaki ba ne a sami Hadiza uku, Ibrahim biyu, babu mai takardar haihuwa a hannu, kuma ma'aikaci ɗaya ne ya kwana a kansu. Ke nan haɗarin a bai wa wani maganin wani ya fi yawa a wurinmu, ba ma kusa ba, ga shi kuma maganin yaro bisa nauyinsa ake auna shi. Abin da zai warkar da ɗan shekara biyar na iya yi wa jinjiri illa.

Amma akwai matsalar da ta fi ta keke girma, wadda masu sayar da na'urorin ba za su faɗa mana ba. Tsarin nasu an gina shi ne bisa cewa asibiti ke riƙe da magani, farmasin asibiti ke ƙulla kowace ƙwaya da lambarta ya aika ɗaki. A wurinmu fa? Likita ya rubuta takarda, ɗan uwan majinyaci ya hau kabu-kabu ya tafi nema. Abin da ya samu a farmasin likita ya saya, abin da babu ya nufi gari, in kuɗi sun gaza ya sayi rabi, in sun gaza sosai ya ratse wajen mai tebur. Maganin ya dawo cikin baƙar leda, a tura shi ƙarƙashin matashi. Sau da yawa ba kwali, an yanka katin ƙwayoyin da almakashi, ko an ƙirga su tsirara cikin ƴar takarda. To me na'urar za ta haska? Ko an kawo mana wadda ta fi kowace tsada a duniya, ba ta da abin karantawa.

Shi ya sa muke cewa tambayarmu ta riga tasu farawa. Su suna tambaya ko maganin na wannan mutumin ne. Mu dole mu fara da tambaya ko magani ne ma.

Dattawan cikinmu ba su manta da sanƙarau na 1995 ba. A wannan shekara ƙasarmu ta karɓi kyautar allurar rigakafi guda 88,000 daga Najeriya, ɗauke da sunan kamfanonin Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF ne suka lura cewa garin maganin ba ya narkewa yadda ya kamata, kuma akwai datti a ciki. Da aka bincika sai aka tarar jabu ne, babu sinadarin rigakafi a ciki. Kafin a farga an riga an yi wa mutum fiye da 50,000, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum kimanin 2,500 da wannan ta'asa. Ba a bakin kasuwa aka sayi wannan allura ba, hannun ma'aikata ta bi, mutane suka yi layi da yardarsu suna godiya. Bayan shekara ashirin, a 2015, sanƙarau ya sake ɓarkewa, ya taɓa Yamai da jiharmu ta Doso, ya kama mutum fiye da 8,000, ya kashe fiye da 500. Rigakafi ya yi ƙaranci, iyaye suka bazama farmasi suna saye da kuɗinsu, sai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Mayu cewa akwai jabun allurar Mencevax da Menomune na yawo a Nijar. A 2017 da 2019 ma an sake kama jabun Mencevax a ƙasar nan. Abin da ya tona asirin irin waɗannan kwalabe shi ne lambar rukuni da ranar lalacewa da aka buga a jikinsu, waɗanda kamfanonin suka ce ba nasu ba ne. Wato da akwai hanyar tambayar kamfani cikin minti ɗaya kafin a tsira allura, da an tsira da rayuka.

Girman matsalar ya wuce rigakafi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa magani ɗaya cikin goma ko jabu ne ko bai kai inganci ba, kuma kashi 42 cikin 100 na rahotannin da ta samu daga Afirka suka fito. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar da rahoto kan yankin Sahel a 2023, inda ya ce an kama fiye da tan 605 na irin waɗannan kaya a Afirka ta Yamma tsakanin 2017 da 2021. A cikin rahoton akwai wata magana da ya kamata ta hana jami'ai barci: kimanin kashi 40 cikin 100 na miyagun magungunan da aka ba da rahotonsu a ƙasashen Sahel, cikin halastacciyar hanya aka same su, ba a faifan mai talla ba. Don haka masu ɗora laifin duka bisa yaron da ke yawo da kwali a ka, sun faɗi rabin gaskiya ne kawai.

Sauran rabin kuma dole mu faɗa wa juna, ko da ba daɗi. Dokar harhaɗa magunguna ta 1997 ta keɓe sayar da magani ga masu farmasi da wuraren da aka bai wa izini. Amma wace kasuwar mako ce a Arewa, daga Matankari zuwa Dan Kasari, daga Kore Mai Ruwa zuwa Gesheme da Tibiri, da ba a shimfiɗa ƙwayoyi a rana kusa da masu barkono? Mun san tushen abin. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 kuɗin maganin da ake shigowa da shi ya ninka, talaka ya koma ga mai sayar masa da ƙwaya biyu na dala goma. Iyaka kuma ga ta nan kusa, hanyoyin babur zuwa Bachaka da Kangiwa ba su ƙirguwa. Mai tebur yana ba da bashi, yana nan da dare, ba ya tambayar takarda. Ba mu ce duk mai wannan sana'a mugu ba ne, akasarinsu su ma ba su san abin da ke cikin kwalin ba, kuma ƴaƴansu shi suke sha. Amma rashin sani bai taɓa mai da alli ya zama maganin masassara ba.

Maƙwabtanmu sun riga mu gwada na'urori a wannan fage, kuma a nan ne gardamar hannu da turawa ta zama tamu. Hukumar NAFDAC ta Najeriya, wadda marigayiya Dora Akunyili ta farfaɗo da ita tsakanin 2001 da 2008, ta bi hanya uku. Akwai akwatin gwaji da wata gidauniyar Jamus ta ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1990, mai suna Minilab, wanda ɗakin bincike ne cikin akwatuna, sai an ɗauke shi a mota, sai kuma wanda aka horar. Akwai TruScan, na'urar hannu da ke haska ƙwaya ta gane sinadarinta nan take, amma kuɗinta miliyoyin sefa ne, ba abin da za a raba wa kowace likitar ƙauye ba ne. Sai ta uku, wadda aka fara a 2010: a jikin kwalin magani akwai wuri mai rufi kamar na katin waya, mai saye ya kankare, ya aika lambar ta saƙon salula kyauta, amsa ta dawo ko na gaskiya ne ko a'a. Wani matashi ɗan Gana, Bright Simons, na cikin waɗanda suka fara wannan dabara da kamfaninsa mPedigree. A cikin ukun nan, wadda ta isa hannun talaka ita ce ta ƙarshe, don ba ta buƙatar komai sai ƴar wayar da ke ɗaure a bakin zane.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Lambar kankarewa ba ta kan kowane magani, mutane da yawa ba su damu da kankarewa ba, wanda bai yi lakkol ba sai ya nemi mai karanta masa amsa, kuma tsarin na layukan wayar Najeriya ne. Sannan lamba kwali take shaida, ba abin da rana ta yi wa ƙwaya ba. Galibin magunguna an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da zafin digiri 25 ko 30. A watan Afrilu da Mayu a Dogon Dutsi zafi na wuce 40 a inuwa, balle cikin shagon kwano ko bisa buhu a tsakar kasuwa. Allurar da ake yi wa mai haihuwa don tsai da zubar jini, wadda ake kira oksitosin, sanyin firiji take so, in ta sha zafi ƙarfinta raguwa yake yi. Kwalbar ta gaskiya ce, lambarta daidai, kowace na'ura za ta ce lafiya lau, amma mace na zubar da jini.

Duk da haka duniya ta nufi wajen lamba, kuma wannan zai taɓa ƴan kasuwa kai tsaye. Tun watan Fabrairun 2019 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta wa kowane kwalin maganin da likita ke rubutawa lambarsa ta kansa, wadda mai farmasi zai haska kafin ya miƙa. Indiya, inda kaso mai yawa na maganin da muke sha ke fitowa, ta wajabta lamba mai kusurwa huɗu bisa manyan magunguna 300 na kasuwarta daga watan Agustan 2023. A Kano, a watan Fabrairun 2024, hukumomi sun rufe shagunan magani fiye da dubu a yankin Sabon Gari domin tilasta wa dillalai komawa sabuwar cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya. Nijar ma na cikin ƙasashe bakwai da suka ɗauki alkawarin tsananta hukunci kan fataucin jabun magani a taron Lome na watan Janairun 2020. In aka matse a can, kayan da aka kora ba ɓacewa suke ba, inda ba a dubawa suke nufa. Kada mu zama juji.

To in an tambaye mu, hannu ko turawa? Ra'ayinmu a fili yake. Keken kwamfuta na iya yin amfani a wuri irin Babban Asibitin Yamai da ƙasar Sin ta gina, inda akwai daɓe da faɗin ɗaki da injin wuta. A likitar gunduma da cibiyoyin lafiya na ƙauyuka kuwa, sayen sa zubar da kuɗi ne. Dalili na farko wuta. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a ƙasar nan, kuma ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu saboda takunkumin CEDEAO, har zuwa lokacin da aka ɗage shi a watan Fabrairun 2024. A watannin nan iyakoki na rufe, magani ya yi ƙaranci, wuta na zuwa da awo. Ƴar na'urar hannu ƙaramin faifan hasken rana ya ishe ta. Dalili na biyu gyara. Duk garin da ke da kasuwa yana da yaron da ya iya canza allo da batirin salula. Wa zai gyara keken da aka ƙera a Turai in ƙafarsa ɗaya ta karye? Kowa ya san ɗakunan ajiyar da ke cike da kayan kyauta da suka mutu saboda ƙaramin ƙarfe ɗaya.

Tarihin lafiya a ƙasar nan ma ya nuna abin da ke tafiya. Ɗan katin gwajin masassara da ake ɗiga wa jini, shi ya kai bincike ƙauyukan da madubin likita bai taɓa zuwa ba. A Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye auna damtsen ƴaƴansu da ɗan zare mai launin kore da rawaya da ja, sai ga uwaye na gano tamowa da wuri ba tare da jiran ma'aikaci ba. A Burkina Faso tun 2014 ake bai wa ma'aikatan cibiyoyin ƙauye ƴar kwamfutar hannu da ke bi da su mataki-mataki wajen duba yaro, har da lissafin adadin magani bisa nauyinsa. Duk abin da ya yi nasara a karkararmu mara nauyi ne, mai shiga aljihu ko jaka.

Manyan na'urorin kuma suna da wurinsu, amma ba bakin gado ba. Wurinsu ƙofar shigowa: ma'ajiyar ONPPC da ke raba wa likitocin gwamnati magani, ɗakin binciken LANSPEX da aikinsa ne gwada inganci, da ofisoshin duwan na Gaya da Birnin Ƙonni. Buhun gero a bakin rumbu ake soka masa ƙarfe a duba, ba bayan an tuƙa tuwo ba. In aka tantance kaya a can, aka rubuta lambar kowane rukuni da inda aka aika shi, to ranar da aka ce wani rukuni ya ɓaci za a san wace likita za a kira. Abin da ya faru a Gambiya a 2022, inda yara kusan 70 suka mutu bayan shan wasu magungunan tari na ruwa da aka shigo da su daga Indiya, da abin da maganin haƙoran yara na My Pikin ya yi a Najeriya a 2008 da 2009, inda yara 84 suka rasu, duk sun nuna cewa kwanakin da ake ɓatawa wajen neman inda kwalabe suka shiga, da rayukan yara ake biyansu.

Akwai kuma abin da ba ya jiran na'ura ko kaɗan, kuma nan ne muke ganin an fi yin sakaci. Zoben hannu na roba da aka rubuta wa suna da sunan uwa da ƙauye da nauyin yaro da alƙalami, ba batir gare shi ba. Takardar da aka rataye a gado, wadda ma'aikaci zai sa hannu duk lokacin da ya ba da magani, ita ma haka. Ku kuma iyayenmu mata, ku ne ke kwana a bakin gadon nan, ku ne na'urar da muke da ita a yau. In an zo da allura, ba rashin kunya ba ne ki faɗi sunan ɗanki da ƙarfi ki tambaya ko tasa ce. Kada ki yarda a haɗa ledar maganinki da ta maƙwabciyar gado. In za ki saya, ki nemi a ba ki cikin kwalinsa, ko aƙalla katin da ba a yanke wajen suna da ranar lalacewa ba, kuma ki ajiye kwalin har a gama sha, domin in wani abu ya faru shi ne shaidarki. Maganin masassara na yara da ake bayarwa a likita an raba shi kati-kati bisa nauyi, kada a raba katin yaro ɗaya wa yara biyu don a yi tattali. Masu ɗauko kaya da yawa don wuraren da ke da izini kuwa, ku riƙa neman takardar saye mai ɗauke da lambar rukuni. Dillalin da ya ƙi ba da ita ya san dalilinsa.

Ita ma gwamnati akwai nata. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, a watan Satumban 2024 kuma aka rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati, aka mai da haihuwa kyauta. Matakai ne masu kyau. Amma an daɗe ana kuka da jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗin da suka kashe a kan kyautar, kuma duk ranar da kantar farmasin likita ta zama wayam, takardar magani kasuwa take fita, ta dawo cikin baƙar leda. Muddin maganin majinyaci ba daga hannun likitar yake fitowa ba, ba tsarin lamba da zai kama.

Kowace cibiyar lafiya tana da kwamitin gudanarwa na mutanen gari, kuma a wurare da dama ƴan kasuwa ne ke riƙe da asusunsa, saboda su aka yarda da su wajen lissafi. Duk ranar da wani shiri ya zo Kiyeshe ko wata komin ta Arewa da na'urori cikin kwali, kafin a yi guɗa a ɗauki hoto, wakilanmu a kwamitin su yi tambayar da za su yi in injin niƙa za su saya: in babu layin waya tana aiki, wa ke sayen batir bayan shirin ya tashi, nawa ne allonta a kasuwar Dogon Dutsi, kuma cikin magungunan da ke kan kantar nan yau, guda nawa ne ke da lambar da za ta iya karantawa.